Allurai Biyu Don Ƙafar Umma

Umma ta shekara fiye da talatin tana yin alkaki da dubulan da nakiya a gidanmu na Gwammaja. Duk wanda zai kai gara a unguwarmu, wurinta yake aiko da alkama da sukari. Ita kuwa tun da aka ce mata tana da ciwon suga ba ta ƙara sa ko ɗaya a bakinta ba, da ido da hanci take gane abu ya yi. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu. Yaya tela ne, yana zaune da iyalinsa a cikin gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ni ce auta, ina koyarwa a firamare, ina aure a Ƙofar Nassarawa, duk Juma'a da yamma nake zuwa gaishe ta.

Wata Alhamis tana kwashe dubulan daga kasko sai mai ya fantsamo mata a bayan ƙafar hagu, dab da ƙaramin yatsa. Ba ta ji wani zafi ba, don sugan ya daɗe da rage mata ji a ƙafa. Ta shafa makilin ta ci gaba da aikinta. Washegari da na zo na ga wurin ya tashi ya ɗuri ruwa, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba.

A gidanmu ni ake ɗauka likita, don kawai na fi kowa nisa a boko. In yaro ya yi tari ni za a kira, in matar Yaya ta ji ciwon mara ni za a kira. Ni kuma abu ɗaya na sani: in shiga kemis in sayo kafso. Haka na yi wa Umma shekara da shekaru. Ciwon haƙori kafso, mura kafso, ƙurji kafso. Ta sha kwana biyu ko uku, da ta ji sauƙi sai ta ajiye sauran a gwangwanin da take zuba allura da zare, ni ma ban taɓa ce mata ta ƙarasa ba. A wannan karon ma haka na yi. Na sayo mata ja da yalo, da na ga sati ya wuce ciwon bai kame ba sai na canza wani, mai kemis ya ce ya fi ƙarfi. Shi ma aka sha rabi, aka koma na uku.

Juma'a ta huɗu, tun daga bakin ƙofar ɗakinta na ji warin. Ta kunna turaren wuta, amma bai rufe shi ba. Tana kwance tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba, ta ja bargo har wuya alhali ana zafin bazara. Na ɗage zanen da ta rufe ƙafar. Ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi, ƙaramin yatsan ya yi baƙi.

“Umma, tun yaushe ya koma haka?”

“Kwana uku ne kawai. Kada ki tayar wa mutane da hankali, akwai aikin mutane a gabana, ranar Lahadi za a kai garar.”

Na fita tsakar gida na kira Yaya a waya. Kafin magariba mun kai ta asibiti, aka ba ta gado a ɗakin mata.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, ba za ta girme ni ba, siririya mai gilashi, ba ta da yawan murmushi. Da safe ta zo ta buɗe ciwon, ta dangwali ruwansa da wani tsinke mai auduga ta sa a kwalba, ta ce za a kai ɗakin gwaji a shuka ƙwayoyin cutar a ga maganin da zai kashe su. Sannan ta juyo gare ni.

“Malama, me da me ta sha a gida?”

Na lissafa mata abin da na tuna. Tana rubutawa, ba ta ɗago ba.

“Kowanne kwana nawa?”

“Wani uku, wani huɗu.”

“Kafin wannan ciwon fa, ta saba shan irinsu?”

Na ce ta saba. Ta tambayi wanda yake rubuta mata. Na ce ni nake sayowa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, “To,” ta rufe fayil ɗin. Da ma faɗan ta yi, da na fi samun sauƙi.

Kwana uku muka jira sakamakon. A cikinsu ana yi wa Umma wata allura ta jijiya safe da yamma, amma zazzaɓin bai sauka ba. Wata nas ta zana layi da biro a ƙaurinta, daidai inda jan kumburin ya tsaya, ta ce mu lura ko zai wuce. Ni kuwa sai na mayar da layin nan abin kallo. In na idar da salla in duba, in na dawo daga wanke kwano in duba. Ran kwana na biyu jan ya haye layin da faɗin yatsa biyu. Aka sake zana wani a sama.

Ran na uku da hantsi likitar ta kira ni da Yaya zuwa wani ɗan ofis a ƙarshen baranda. Ta ajiye takarda a gabanmu. Sunayen magunguna ne a jere, sun fi goma, a gaban kowanne an rubuta harafi ɗaya. Ta bi su da bakin biro.

“Duk inda kuka ga wannan harafin, ma'anarsa ƙwayar cutar ta fi ƙarfin maganin. Ko an ba ta, kamar an ba ta ruwa ne.”

Na bi jerin da ido daga sama. Harafin nan ne, shi ne, shi ne, har da allurar da aka kwana uku ana yi mata. Sai can ƙasa na ga guda biyu da suka bambanta.

“Waɗannan biyun fa?” in ji Yaya.

“Su suka rage mana. Wannan yana kashe ta. Wannan kuma yana taɓa ta ne kawai, ba ya gamawa da ita. In na ba da ɗaya shi kaɗai, ina tsoron kafin ya cinye ta ta koyi yadda za ta kauce masa, mu rasa shi shi ma. Don haka zan haɗa su. Ɗaya yana fasa mata bango, ɗayan ya samu hanyar shiga.”

Yaya ya ce Alhamdulillahi, tunda akwai magani. Likitar ta ɗaga hannu.

“Ban gama ba, Alhaji. Mai ƙarfin nan yana iya taɓa ƙoda, yana kuma iya taɓa ji. Ga shekaru, ga suga. Za mu riƙa ɗibar jininta muna duba ƙodar, ku kuma ku riƙa auna fitsarinta. In ta ce tana jin ƙara a kunne ko jiri, a gaya mini nan take. Yatsan kuma ya riga ya mutu, gobe za a cire shi. Abin da muke ƙoƙarin tsarewa shi ne sauran ƙafar.”

“In haɗin bai yi ba fa?” Ni na tambaya.

“Sai mu yi maganar yankewa daga ƙasan gwiwa. Amma ba mu kai can ba.”

Da muka fito Yaya ya jingina da bango ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Ya ce shi fa hankalinsa bai kwanta ba. Maganin da zai gyara ƙafa ya kashe ƙoda, ina amfaninsa? Ya ce akwai wani mai maganin gargajiya da abokin aikinsa ya ba shi labari, yana warkar da gyambon masu suga ba tare da an yanke komai ba, mu ɗauke ta mu gwada.

“Yaya, gwaje-gwajen nan ne suka kawo mu nan,” na ce. “Ni na yi ta gwadawa a kanta. Don Allah kada mu ƙara.”

Ya ce to a tambayi mai ƙafar. Muka koma muka gaya wa Umma komai, ban rage ko ɗaya ba, har maganar kunnen. Ta saurara idonta a rufe. Da muka gama ta ce, “Yarinyar nan, likitar, ta ɓoye muku wani abu?” Muka ce a'a. Ta ce, “To wanda ya gaya maka aibin maganinsa da bakinsa, shi za ka bi. A yi. Allah Shi ne mai warkarwa.”

Aka cire yatsan washegari, aka fara haɗin. Ɗaya sau uku a rana, a cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa da ke ɗiga a hankali. Ɗayan, mai ƙarfin, sau ɗaya, bayan la'asar. Na ɗauki hutu a makaranta, maigidana ya kai yaranmu wurin mahaifiyarsa, na tare a gefen gadon da tabarmata da buta. Aka ba ni wata roba mai layi-layi ta awon fitsari. Ni da ko zancen irin wannan ban taɓa yi da Umma ba, sai ga ni ina ɗaga roba saitin taga ina duba inda ya tsaya, ina rubutawa a bayan littafin shirya darasi. In ya yi yawa in ji daɗi. In ya ragu kaɗan sai in hau ba ta ruwa tana cewa ya ishe ta.

Kunnen kuma na ƙirƙiro wa kaina hanyar gwada shi. Kowace safiya in ina gyara mata filo sai in tsaya ta bayanta, inda ba ta ganin bakina, in ce a hankali, “Umma, kin tashi lafiya?” Yau ta dama, gobe ta hagu. In ta ce “Lafiya lau” sai in saki numfashi. Ban gaya mata gwaji nake yi ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa da aka riga aka yanke wa ƙafa. Mace ce mai fara'a, takan miƙo wa Umma goro ko da ta san ba za ta ci ba. Ni kuwa ba na iya kallon inda zanenta ya kwanta shafal a kan katifa. Ina jin kunyar hakan har yau, don ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Ran kwana na huɗu da fara haɗin, zazzaɓin ya sauka a karon farko. Jan bai haye layi na biyu ba. Umma ta nemi kunun gyaɗa marar sukari ta sha rabin kofi. Ban yarda na yi murna ba, ina ganin kamar in na yi wani abu zai ɓaci.

Ran na biyar kuwa, da azahar, nas ta zo ta ce mai ƙarfin ya ƙare a kantin maganin asibitin, sai an nemo a waje kafin la'asar. Ta rubuta sunan a takarda. Yaya ya rufe shago ya hau babur. Ina zaune da waya a hannu. Ya kira ya ce kanti na farko babu. Na biyu babu. A na uku an ba shi wani an ce duk ɗaya ne, ya turo mini hoton kwalin, na kai wa nas ta ce ba shi ba ne, kada ya karɓa. Aka kira la'asar, na yi salla ban san abin da na karanta ba. Na je na samu nas ɗin na ce tunda ɗayan yana nan, ba za a ƙara mata shi ba ya tsaya a madadin wancan?

“Ba a yin haka, Malama,” ta ce. “Kowanne da aikinsa. Ki zauna, zai samo.”

Ban zauna ba. Na tsaya a baranda inda ake hango ƙofar shigowa, ina lissafin abin da ƙwayoyin nan suke yi a cikin ƙafar a kowane minti da ya wuce. A raina gani nake kamar suna farfaɗowa suna miƙewa. Sai wajen ƙarfe biyar da rabi na hango Yaya yana sauri, rigarsa ta jiƙe sharkaf, da leda a hannu. Kanti na bakwai ya samu, can wajen gari. Nas ta duba kwalin ta juya shi, ta duba ranar lalacewarsa, sannan ta ɗaura. Yaya ya zauna a ƙasa a bakin gadon. Umma ta ɗora hannu a kansa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce, “Sannu, kai. Allah Ya yi maka albarka.”

A yammacin nan ne, bayan ya tafi, na gaya mata abin da yake cina. Na ce likita ba ta faɗa ba, amma na sani, kafson da na yi ta ba ta ne ya koya wa cutar nan taurin kai. Na ce ta yafe mini. Ina magana ina kuka, ina ƙoƙarin kada maƙwabciyarmu ta ji.

“Ke kika ɗura mini?” in ji Umma. “Ni nake aikenki. Ni nake ajiyewa in na ji sauƙi. Duk unguwar nan wa bai yi haka ba? Share fuskarki, kada yarinyar nan ta shigo ta ce wani abu ya faru.”

Da na sake samun likitar ita kaɗai na tambaye ta kai tsaye ko kafson ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Mai yiwuwa shan da aka yi barkatai ya taimaka, mai yiwuwa kuma ƙwayar ta zo da taurinta daga jikin wani, don irinta sun yawaita a gari. “Ba ke kaɗai ba ce,” ta ce, “amma kada ki ƙara.” Ban samu wankewar da nake nema ba, ban kuma samu hukuncin da nake tsoro ba. Haka na ci gaba da zama a tsakani.

Ran kwana na tara da safe na tsaya ta bayanta, ta hagu, na ce, “Umma, kin tashi lafiya?” Shiru. Tana kallon taga tana jan carbi. Na sake faɗa, na ɗan ɗaga murya. Shiru. Na zagayo ta dama na faɗa, ta ce, “Lafiya lau, Auta.”

“Umma, kina jin wani abu a kunnenki?”

“Tun shekaranjiya nake jin kamar ana tankaɗe a ciki. Shuu, shuu. Na ce ko iskar fanka ce.”

“Tun shekaranjiya! Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“In na faɗa za su tsayar da maganin. Na ga ƙafar ta fara kyau. Kunne biyu gare ni.”

Na fita da gudu ko takalmi ban saka daidai ba. Likitar tana zagayen marasa lafiya a ɗaya ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa har ta hango ni. Ta zo ta gwada kunnuwan, ta aika a ɗebi jini. Da sakamakon ya fito da rana ta ce ƙodar ma ta fara nuna gajiya. Ta tsayar da mai ƙarfin a ranar.

“To yanzu fa?” na ce. “Saura ɗaya ke nan, wanda kika ce ba ya gamawa da ita.”

Ta ce ta yi magana da na gaba da ita da mutanen ɗakin gwaji. Akwai wani magani da ba ya cikin takardar farko, sun gwada shi daga baya a kan ƙwayar Umma, ya nuna alamar yana aiki in an haɗa shi da wanda ya rage. Bai kai wancan ƙarfi ba, amma kwana tara sun rage cutar sosai, tana fatan zai ƙarasa. Na ce fata? Ta ce, “Fata, Malama. Ba zan ce miki tabbas ba.” Sannan ta sunkuya ta dama ta ce wa Umma, “Mama, in kika sake ɓoye mini wani abu, ni da ke ne.” Umma ta yi dariya, karo na farko tun zuwanmu.

Kwana ukun da suka biyo baya su ne mafi tsawo a wurina. Duk lokacin da aka zo wankin ciwo sai in tsaya a kan nas ina leƙe, ina shaƙar iska ko warin ya dawo. Na yi ta taɓa goshin Umma har ta gaji ta ce in bar ta ta huta. A rana ta biyu jikinta ya ɗan yi ɗumi da yamma, na zauna ina kallon ƙaurinta ina jiran jan ya taso, har aka yi magariba bai taso ba. A rana ta huɗu da aka buɗe bandejin, nas ta kira ni da kanta ta nuna mini gefen ramin. Wani nama ne ja, mai ƙwaya-ƙwaya kamar cikin gwaba.

“Kin ga wannan? Sabon nama ne. Ciwon da yake ruɓa ba ya yin haka.”

Aka ci gaba da haɗin na biyu har kwana goma sha biyu. Ƙodar ta dawo daidai a hankali. Kunnen hagu bai dawo ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma tankaɗen nan yana nan har yau, ta ce ta saba da shi.

Ranar da aka sallame mu likitar ta ba ni takarda ta ce in adana, duk asibitin da aka kai Umma nan gaba a nuna musu kafin a ba ta komai. Ta ce ƙwayar tana iya zama a jiki ta yi lamo, kuma in ta sake tashi, abin da ya rage a hannunsu kaɗan ne. Ta ce a riƙa duba ƙafafun kullum, har tsakanin yatsu, ko ƙwarzane aka gani a zo. Maƙwabciyarmu ta gado ta riƙe hannun Umma ta ce, “Kin fita da taki, Hajiya. Allah Ya kiyaye gaba.” A ranar na iya kallonta sosai na yi mata sallama.

Adaidaita sahu ba ya shiga lungunmu, a bakin titi ya sauke mu. Umma ta ce za ta taka, Yaya ya ce ba za ta taka ba, ga kwata ga ƙafa a naɗe. Ya durƙusa a gabanta. Ta ce, “Kai, a gaban mutane?” Ya ce, “A gaban mutane.” Ya goya ta, ina biye da su da jaka da buta, mata suna leƙowa daga zaure suna barka da arziki, ita kuma tana juya kai tana neman ta inda muryar ta fito. Da muka shiga gida na shimfiɗa mata a ɗaki, na wanke hannuna, na zauna na ɗora ƙafar dama a cinyata na fara dubawa daga babban yatsa.